Lambatu Ɗaya, Takarda Uku

Litinin, 3 ga Maris

Littafin nan don rubuta cinikin ƙusa da patar ƙofa na saye shi, sai na ga takardarsa ta fi ƙarfin wannan aikin. Bari in riƙa zuba masa abin da ba ya faɗuwa a rumfa. Shekara guda ke nan da wata biyu ina kansilan mazaɓar kasuwa, kuma abin da na gano shi ne zauren majalisa da bakin shagona duk ɗaya ne: kowa da farashin da yake faɗa, da wanda ya riƙe a ciki.

Yau Hedimasta ya miƙa wa sakatare ƙudurinsa. Tsohon nan shi ya koya mini lissafi a aji biyar. Ya yi ritaya, ya zama kansilan unguwar makaranta, har gobe kuma ta saman tabarau yake kallona kamar ban yi aikin gida ba. Abin da yake so shi ne a ja layi. Duk aikin da kuɗinsa ya haura layin, Ciyaman ba zai sa hannu shi kaɗai ba. Sai an liƙa takardar a allon sanarwa kwana arba'in, mai ido ya karanta, sannan mu kansiloli goma sha ɗaya mu ɗaga hannu.

Da aka gaya wa Ciyaman dariya ya yi. Irin dariyar da mai saye ke yi in ya ji farashin da bai zo da shirinsa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Duk kasuwa maganar zakuna ake yi. Sabuwar ƙofar sakatariya da Ciyaman ya gina, da zakunan siminti biyu a samanta, na hagun ya fi kama da akuyar da ta sha duka. Babu wanda ya san nawa aka kashe, saboda haka kowa da nasa adadin. Mai shayi ya ce kuɗin zaki ɗaya ya isa a rufe rumfunan 'yan tumatir kaf. Na ce a ina ya ji? A bakin mai aski. Na tambayi mai aski, ya ce a bakin mai shayi.

Na gangara wurin Yaya. Ita ta biya mini makaranta har aji uku na sakandare da cinikin yadi, kuma tun lokacin shagonta yana nan a layin ƙasa, inda ruwa ke kwanciya duk damina. Bandir-bandir ɗin yadinta a kan bulo biyu-biyu take ɗora su, shekara da shekaru. Na fara ba ta labarin zakuna, ta katse ni.

“Auta, ni ba ruwana da zaki. Lambatun da ka yi mini rantsuwa a kansa ranar zaɓe, ina yake?”

Na ce kafin ruwan farko. Ta nuna mini shaidar ruwan bara a jikin bango, daidai idon sawu, ta ci gaba da awon yadinta. Ko zauna ba ta ce mini ba.

Alhamis, 13 ga Maris

An yi muhawarar. Zaure ya cika har bakin taga, kuma rabin masu kallo 'yan kasuwa ne, mutanena. Abin da na fara ƙirgawa ke nan kafin in zauna.

Kansilan tasha, tsohon direba, shi ne bakin Ciyaman. Ya ce gwamnatin da za ta jira kwana arba'in kafin ta motsa mota ce aka cika ta da birki aka manta inji. An yi dariya. Nas, kansilar unguwar asibiti, ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ba don Ciyaman take magana ba, amma in injin ruwan asibiti ya mutu, marasa lafiya za su sha allon sanarwa ne? Wannan ta shige ni, sai dai ban nuna ba.

Hedimasta ya tashi a hankali, ya ajiye lemarsa a kan tebur. Ya ce ƙananan ayyuka duk suna ƙarƙashin layi, babu mai hana su. Layin na zakuna ne. Ya ce kuɗin nan ba na Ciyaman ba ne, ba kuma na kansiloli ba, na matar nan ne mai tiren tumatir da ake yanka wa tikiti kowace safiya tun ba ta yi cinikin fari ba. Wadda aka karɓa a hannunta tana da haƙƙin ta ga takarda kafin a kashe, ko da wani ne zai karanta mata. Daga baya aka fara tafi. Na juya na ga su waye ke tafin. To, shi ke nan.

Na bari kowa ya gaji, sannan na ɗaga hannu. Na ce ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗan kasuwa ne. In na aiki mutum sayayya da kuɗina, ƙaramin kaya ya sayo kawai, babba kuwa ya dawo ya tambaye ni, in ba haka ba ni da shi mu haɗu a gaban hukuma. Zaure ya ɗauka. Bakwai da huɗu, layi ya tabbata.

A bakin ƙofa Ciyaman ya ba ni hannu, ya matse har zobena ya shige mini nama. Yana murmushi.

Gaskiya tsakanina da littafin nan: shafin farko kawai na karanta na ƙudurin. Ban ma riƙe adadin layin ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Shayi uku na sha yau, ko ɗaya ban biya ba. An fara ce mini Mai Ƙusa mai gaskiya. Uwar yara ta ce sunan ya yi mini yawa a kafaɗa, in kai wa tela ya rage.

Talata, 18 ga Maris

Na je ofishin Injiniya a kan lambatun. Mutum ne marar hayaniya, aljihunsa kullum da biro uku. Ya shimfiɗa taswirar aikin a tebur, ya danne gefunanta da kofi da makullin babur. Daga ƙofar kasuwa ta sama, ya bi bayan layin 'yan yadi, ya ratsa ɗan tudun nan na bayan mahauta, ya sauka babban titi. Layi guda, gangare guda. Aiki mai kyau, har ni na gane.

Sannan ya nuna mini kuɗin. Ya kusa ninka layin Hedimasta sau uku.

Ya lissafa mini da yatsa: liƙawa kwana arba'in, ƙuri'a, neman ɗan kwangila, aikin wata guda. Sai ƙarshen Mayu in an yi sauri, in ba a yi ba cikin Yuni. Ruwa kuwa tsakiyar Mayu yake fara sauka. Na ce babu wata hanya?

“Ku kuka ɗaga hannu, Onarabul,” in ji shi. Ya ce in na yarda, yau ɗin nan ya liƙa, kwanakin su fara tafiya. Na ce ya dakata tukuna.

Da wane baki zan gangara layin ƙasa?

Laraba, 19 ga Maris

A shago dabarar ta zo. Wani kafinta yana son kwalin ƙusa, aljihunsa bai kai ba. Na fasa kwalin na ƙulla masa a leda, ƙulli uku: ɗauki ɗaya yau, ɗaya jibi, ɗaya ranar kasuwa. Abin da nake yi shekara ashirin. Ina ɗaure ƙulli na uku sai hannuna ya tsaya.

Na rufe shago na hau babur. Na ce wa Injiniya lambatun nan ba ɗaya ba ne, uku ne. Na farko gyaran magudanar bakin ƙofa. Na biyu tsabtace bayan mahauta. Na uku haɗa hanyar ruwa da babban titi. Kowanne da takardarsa, da ɗan kwangilarsa, kowanne yana ƙasan layi da ɗan yatsa. Ba a karya doka ba, an bi ta gefenta ne.

Ya daɗe yana jujjuya biro.

“Onarabul, ƙusa ce ake ƙullawa. Ruwa gangare ɗaya ya sani.”

Na ce ruwa bai zaɓe ni ba, mutane ne suka zaɓe ni. Ya ce to taswirar fa? Duk wanda ya gan ta zai san aiki ɗaya ne. Na ce ai shi ya sa aka yi aljihun tebur. Ni da hannuna na naɗe ta na miƙa masa.

Ciyaman kuwa har tashi ya yi daga kujera ya rungume ni. Ya ce ashe kai namu ne, ɓatan hanya ka yi ranar Alhamis. Bai nemi komai ba sai ƙullin tsakiya, na bayan mahauta, wai a ba surukinsa. Na ce ranka ya daɗe ai girmanka ne.

Alhamis, 27 ga Maris

Akawu yana buga takardun. Ya ɗago ya tambaye ni zurfin nawa zai sa, tunda babu taswirar da zai jingina. Na tuna na ga ƙafa uku a wani gefe na zanen Injiniya. Na ce ya sa ƙafa uku daga saman ƙasa, duka ukun, kada wani ya ce an fifita wani. Injiniya ya ce shi zai bi su ya gaya musu gyaran da baki in an fara haƙa.

Da baki ai ni ma nake duk harkata. Ban ga abin damuwa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sai yau aka sa diga a ƙasa. Ƙananan takardu uku, amma sun yi kusan mako huɗu suna yawo daga tebur zuwa tebur, kowane tebur da mai shi, kowane mai shi da ranar da ba ya nan.

Yaya ta fito bakin shago tana kallon leburori. Ta yanko mini yadi huɗu mai ruwan toka, ta ce in ɗinka riga, kada Onarabul ya riƙa yawo kamar ɗan dakon ƙusa. Karo na farko ke nan da ta kira ni da sunan. Da tsokana ne, amma na karɓa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Rigima a bayan mahauta. Ɗan kwangilar sama da na ƙasa sun saurari Injiniya, ba su da matsala. Surukin Ciyaman ne. Injiniya ya ce masa wurin nan tudu ne, sai ya ƙara kusan ƙafa guda a kan ukun kafin gindinsa ya daidaita da na sama. Mutumin ya zaro takarda daga aljihu ya kaɗa masa a fuska: ƙafa uku aka rubuta, ƙafa uku za a biya, ƙafa uku zai haƙa, ƙasan kuma dutse ne. Duk mahauta sun bar nama suna kallo.

Injiniya ya same ni a shago, gumi har cikin kunne. Ya ce a sake takardar tsakiya. Na tambaye shi, in an ƙara zurfin da fasa dutsen, kuɗin zai tsaya ƙasan layi? Ya ce a'a, zai haura.

Na ce to a bar shi. Ƙafa guda ce fa. Ruwa zai nemi hanyarsa.

Ya ce zai nema kam. Ya tafi bai sha ruwan da na sa aka kawo masa ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Da an liƙa takardar ranar da Injiniya ya ce, yau take cika kwana arba'in. Lissafi ne kawai ya faɗo mini.

Asabar, 10 ga Mayu

An gama. Fes, siminti har ƙyalli yake. Na bi shi daga sama har ƙasa ana ta yi mini sannu da aiki.

A tsakiyar hanya na ci karo da Hedimasta, shi ma bin sa yake, yana dogara lemarsa yana ƙirga taku. Na gaishe shi har da rusunawa. Ya ce an gaya masa ƙananan ayyuka uku aka yi a kasuwa, sai ga shi duk sun jeru baki da baki kamar 'yan aji a filin taro. Na ce Malam, sa'a ce kawai.

“Kai da ma ka iya rabawa,” in ji shi. “Tarawa ce ke ba ka wuya tun a aji biyar.”

Ya wuce. Na yi dariya don masu kallo.

Da yamma na ce wa Yaya ta kwashe bulon nan, sun cinye mata wuri, zamaninsu ya wuce. Ta kalli bulon, ta kalle ni. Na ce ko ba ta yarda da aikin ƙaninta ba ne? Ta sa aka kwashe, ta ba maƙwabciyarta mai kwanuka. Yadi ya sauka a kan tabarma, shago ya yi fili.

Asabar, 17 ga Mayu

Ruwan farko, da rana tsaka, kamar da bakin ƙwarya.

Ina shagona a layin sama ina jin daɗi, ina kallon yadda lambatun ke kwashe ruwan ƙofa yana gudu da shi. A da ruwan nan warwatsuwa yake yi, wani ya bi ta 'yan katako, wani ta 'yan hatsi, kowa ya samu rabonsa kaɗan-kaɗan. Yanzu na tara shi wuri guda na ba shi hanya mai santsi. Sai da na ga mutane suna gudu suna yin ƙasa na tashi.

Ya iso bayan mahauta ya tarar da gindin ramin surukin Ciyaman a sama da shi. Ya tsaya. Ya cika. Ya juyo baya, ya tsallake baki, ya shiga layin 'yan yadi, shago goma sha biyu. Na Yaya shi ne daidai wurin da ƙullin farko ya haɗu da na biyu.

Har gwiwa. Na same ta tsaye a ciki da bandir biyu a ka, sauran suna ƙarƙashin ruwa, jan yana zuba a kan farin. Muka yi ta kwasa har hannu ya mutu. Ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Rigar nan mai ruwan toka ce a jikina.

Litinin, 19 ga Mayu

Injiniya ya zo da doguwar tiyo fara, ya cika ta da ruwa, ya ba ni baki ɗaya na riƙe a ƙullin farko, shi ya riƙe ɗayan a na biyu. Ruwan cikin tiyo ba ya ƙarya, in ji shi, duk inda ka kai shi a daidai yake tsayawa. Ya auna ya ja alli. Kusan ƙafa guda, kamar yadda ya faɗa.

Kowa a cikin ukun ya yi abin da takardarsa ta ce. Babu wanda za a kama. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: aikin ya lalace, kuma babu ƙarya ko ɗaya a takarda.

Talata, 20 ga Mayu

Kasuwa ta sami mai laifi, kuma ba ni ba ne. Mai shayin da ya ba ni kyauta a watan Maris shi ke cewa yanzu dokar tsohon nan ce ta ɗaure hannun gwamnati har aka yi aiki guntu-guntu. Mai aski ya tabbatar. An ce wasu sun bi Hedimasta da ihu a bakin titi.

Ciyaman ya kira ni ofis, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Jibi za a kawo ƙudurin soke layin. Ya ƙirga: biyar nasa, har da Nas da injin asibitinta, biyar na Hedimasta. Saura ni. Ya ce ba sai na yi magana ba ma, hannu kawai. In layi ya faɗi ranar Alhamis, Juma'a da safe mota na bayan mahauta tana fasa dutse, kafin Litinin ruwan Hajiya yayarka ya wuce. Wanda ya kawo dabarar rabawa kuwa, shi bai tuna ba, kuma ba ya jin Injiniya zai tuna.

Ciniki ne mai kyau. In faɗi gaskiya, ban taɓa samun tayi mai tsabta irinsa ba. Na shanye lemon na ce zan kwana a kai.

Laraba, 21 ga Mayu

Layin ƙasa ya zama wurin shanya. Igiya ta ko'ina, yadi na ɗiga. Yaya tana zaune a kan bokiti tana ware wanda zai sayu a rabin kuɗi da wanda sai dai a yi tsumma.

Na durƙusa na ba ta albishir: Juma'a za a fasa. Ta ce wa zai fasa? Na ce surukin Ciyaman mana. Ta ce da wace takarda? Na ce wannan kuma sai yadda Ciyaman ya ga dama, tunda layi ya tafi. Ta ce wato wanda ya haƙa ba daidai ba shi zai sake haƙawa, kuma wannan karon babu mai tambaya. Na ce Yaya, siyasa ce, ba za ki gane ba.

Ta ajiye yadin da ke hannunta.

“Auta, wa ya ce a raba shi uku?”

Na fara bayanin yadda dokar take. Ta ce in sauke hannuna daga kunnena, tun ina rarrafe in na yi ɓarna kunnen hagu nake ja.

“Yadina ya riga ya jiƙe, ba hannunka ne zai busar da shi ba. Ɗaga shi inda ka ga dama. Amma tsohon nan da ake zagi a ƙofar shagona tun safe, ba shi ya ce in kwashe bulo ba.”

Ta ci gaba da warewa.

Daga nan ofishin Injiniya na wuce. Yana ganina ya ja aljihun tebur ya fito da taswirar.

Alhamis, 22 ga Mayu

Zaure ya fi na wancan karon cika, fuskokin dai su ne, tafin ne ya sauya gida. Kansilan tasha ya yi ta kwatanta yadin da ya lalace kamar shi ya saƙa shi. Hedimasta yana zaune, lema a cinya, an yi masa ihu sau biyu bai ɗago ba.

Wannan karon ban jira kowa ya gaji ba. Na shimfiɗa taswirar a teburin sakatare, na danne ta da wayata da takalmina ɗaya, don babu kofi. Na ce ga lambatun yadda Injiniya ya zana shi, guda ɗaya, da kwanan wata a jiki. Ni na ce a raba shi uku, ni na ce a ɓoye wannan, ni na ce a rubuta ƙafa uku, kuma da aka zo mini da gyara ni na ce a bari. Na ce layi bai shiga shagon kowa ba. Da an bi ta kansa, da wataƙila ruwan farko ya same mu muna haƙa, mu sha irin na bara, idon sawu. Ni na bi ta gefensa na kawo muku na gwiwa.

Sai wani daga baya ya ce Mai Ƙusa mai uku-uku. Aka fashe da dariya, ba irin mai daɗi ba. Ina jin sunan ya zauna ke nan.

Abin da ban zata ba, Hedimasta ya tashi ya ce shi ma yana da nasa kuskuren. Kwana arba'in ya yi wa ruwa da asibiti yawa. Ya yi lissafin zakuna ya manta damina. Nas ta ce sha huɗu. Ya ce ya karɓa, muddin takarda za ta hau allo kuma aiki ɗaya zai zo da sunansa ɗaya. Aka yi ta ja har ƙarfe uku. Soke layi: biyar. Barin sa: shida. Gyaran kwana sha huɗun kuma har Nas da wasu biyu suka ƙaru.

Ciyaman bai matse mini hannu ba yau. Bai ma ga hannun ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Babu mota a bayan mahauta. Takarda ta hau allo, da taswira a gefenta. Sai shida ga Yuni, kuma sama a haɗe take kullum.

Na kwashe abin da ya rage na Yaya na kai shagona na layin sama. Ni kuma na fito da tebur da lema bakin hanya, ƙusa ba ta tsoron yayyafi in an rufa mata leda. Na sayo bulo ashirin da huɗu na ajiye mata a tsohon shagon.

Shayi ɗaya na sha. Na biya.

Talata, 27 ga Mayu

An sake yin ruwa. Mun tare layin ƙasa da buhunan yashi, ni da masu shagunan, duk da haka ya shiga uku. Mai kwanuka ta gaya mini maganar da ba zan rubuta ba. Da na ɗaga hannu wancan ɓangaren, da yanzu... To. Ban sani ba. Wataƙila da ya wuce, wataƙila da ya koma layin 'yan hatsi.

Yaya ta sake wa kantocina tsari, ta zauna a kujerata mai matashi. Wai ciniki ya fi tafiya a layin sama, tana tunanin ko ta zauna gaba ɗaya. Da azahar ta aiko mini da abinci bakin tebur. Da nama biyu.

Laraba, 4 ga Yuni

Saura kwana biyu. Kullum da safe nakan biya ta sakatariya in duba ko takardar tana nan, don akwai masu hannun ɓare abu. Na ƙara mata ƙusa huɗu daga nawa. Yau na tarar da mai tiren tumatir a gaban allon, wani yana karanta mata, tana tambayar ina ne tudun.

Na shiga wurin akawu in gaishe shi kawai. A kan teburinsa takardu huɗu na tasha: rumfar fasinja ta gabas, rumfar fasinja ta yamma, daɓen tsakiya, fentin ginshiƙai. Rana ɗaya, biro ɗaya, kowacce ƙasan layi da ɗan yatsa. Ya ga ina kallo ya ɗora fayil a kai. Ya makara. Ni da na yi shekara ashirin ina ƙulli, a ce ban gane ƙulli ba?

Ba ruwana da tasha, ba mazaɓata ba ce. Na dai kwafi lambobin a bayan littafin nan don kada in manta, na haɗa jimla. Da yamma kuma hanya ta bi da ni ta unguwar makaranta, ko da yake sai da na zagaya. Hedimasta yana ƙofar gida. Ya karanta ta saman tabarau, ya zaro jan biro ya gyara mini tarawar, na yi kuskuren ɗauko ɗaya. Sannan ya ce a kawo wa kansila kujera.

Gobe akwai zama. Ina jin ta ɓangarensa zan zauna. Fankar wajen ta fi aiki.